Tarihin Wanke Bindiga, Kamar Yadda Na Fara Jinsa Daga Bakin Wani Tsohon Soja

Yau ba zancen kasuwa na kawo muku ba, ɗan tarihi ne.

A Sabo ta Ibadan na tashi, kuma tun ina yaro akwai wani dattijo da ke gadin rumbun goron mahaifina. Tsohon soja ne, ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 a wajajen Fatakwal. Mu yara kullum labarin harbi muke so ya ba mu, shi kuwa labarin wanki yake ba mu. Wata rana na ce masa, "Baba, wai ku ba ku yi yaƙi ba ne, sai goge bindiga?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗan Alhaji, lokacin da na ɓata ina goge ta ya ninka wanda na ɓata ina harba ta sau ɗari." Sai da na girma na bi tarihin abin, sannan na gane maganarsa.

Bindigar da yake magana a kai irin wadda ke ɗura wa kanta harsashi ce, amma kowane harbi sai an ja kunama. Adakar maharba da hannu ake ɗura mata albarushi. Wannan kuwa, hayaƙin albarushin da ya tura harsashi waje, shi ne ake karkatar da kaɗan daga cikinsa ya tura ƙarfen ciki baya, ya watsar da kwanso, sifirin ya dawo da ƙarfen da sabon harsashi. To a nan matsalar take: hayaƙin da ke yi mata aiki shi ne ke bar mata baƙin dauɗa a ciki. Idan ba a kwance ta an goge ba, sai ta cije a lokacin da ake buƙatarta.

Amurka ce ta fara mayar da irin wannan bindiga makamin gama-garin sojanta, wato M1 Garand, wadda ta amince da ita a 1936. Tana cin harsashi 8. A gindinta an yi ɗan rami mai murfi inda soja ke ajiye mai da kayan goga. Harsasan wancan zamani suna barin wani irin gishiri a cikin bututu, gishirin ya jawo danshi, danshi ya kawo tsatsa. Mai ba ya narkar da gishiri, don haka da ruwa ake wanke bututun, a busar, sannan a shafa mai. Kun ga kalmar wanki a nan ba misali ba ce.

Wannan bindiga tana da alaƙa da ƙasarmu. Kamfanin Beretta na Italiya ya gyara Garand ya fitar da BM59, kuma masana'antar makamai ta Kaduna, DICON, wadda aka kafa a 1964, ta ƙera ta da izinin kamfanin.

Wadda Baba ya fi ambato ita ce FN, wato FAL ta ƙasar Beljiyam, wadda aka fara ƙerawa a 1953, ƙasashe fiye da 90 suka yi amfani da ita. Masu ƙirarta sun yi tunanin soja a daji: tana buɗewa a tsakiya kamar an karya ta, a zaro ƙarfen ciki ba tare da neman sukudireba ba. Ingila ta yi tata mai suna L1A1, ta cire mata harbin jere, ta kuma tsattsaga 'yan layuka a jikin ƙarfen don yashi ya sami wurin taruwa. Baba ya ce su ba yashi ne abokin gabarsu ba, ruwan sama ne da taɓo. Ka goge da yamma, da asuba ka ga ja-ja ya fito. Ƙa'idar farko da saje ya cusa musu ita ce a cire gidan harsashi, a leƙa ciki da ido, a tabbata babu ko ɗaya, kafin a taɓa komai. Ya ce ya ga wanda ya tsallake wannan ƙa'ida, kuma abokinsa ne ya biya.

Babban darasin tarihin nan a Biyetnam aka koya. Wajen 1965 zuwa 1967 Amurka ta raba wa sojojinta sabuwar bindiga, M16. Ita tana harbin ɗai-ɗai, tana kuma harbin jere, kuma hayaƙinta kai tsaye yake shiga cikin ƙarfen. Aka yaɗa cewa ba ta buƙatar wanki, aka tura ta da ƙarancin kayan goga, aka kuma sauya irin albarushin zuwa wanda ya fi barin dauɗa. Kwanso ya riƙa maƙalewa ana tsakiyar faɗa, sojoji suka mutu da bindiga a hannu. A 1967 majalisar wakilai ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Richard Ichord. Aka gyara ƙirar, aka raba kayan goga, a 1968 har ɗan littafi mai zane-zane aka buga wa sojoji kan yadda za su kula da ita.

Me ya sa na kawo wannan tarihi? A watan Fabrairu na 2021, da rikicin kasuwar Shasha ya tashi, na ji wasu samarinmu a majalisa suna cewa da muna da bindigogi da ba a taɓa mu ba. Baba yana zaune yana jinsu. Da suka gama ya ce, "Yarana, a bariki akwai saje mai leƙa bututu kowace safiya, akwai ma'aji mai makulli, akwai littafin da ake ƙirga harsashi. Duk da haka na ga an yi kuskure an binne mutum. Ku wa zai ƙirga muku? A ƙarƙashin katifar da ƙannenku ke wasa za ku ajiye?" Babu wanda ya amsa. Ban da haka, dokar makamai ta 1959 ta hana farar hula riƙe irin wannan makami ba da lasisi ba, kuma laifin mutum ɗaya a zango kan shafi kowa.

Baba ya rasu bara. Har ƙarshen rayuwarsa gora da tocila kawai yake gadi da su, kuma ba a taɓa ɗaukar ko huhun goro ɗaya ba. Allah ya jiƙansa, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.