Amosanin Jini: Tarihin Ciwon Da Mai Shi Kaɗai Ke Gani

Da zarar hunturu ya sauko kan duwatsun Adar, duk malamin da ke kiran suna a aji tsakanin Tabotaki, Buza, Keita da Madawa ya san akwai sunayen da za su riƙa yin shiru. Yaro ya zo ranar Litinin garau, Talata babu shi, sai bayan kwana goma ya dawo a rame, farin idonsa ya yi ruwan ɗorawa. In ka tambaye shi ya ce ƙashinsa ke ciwo. Ka duba, babu rauni, babu karaya. Daga nan zargi ke farawa: raki ne, ƙyuya ce, gudun lakwal ne. Ciwon nan shi ne amosanin jini, wanda ƴan Najeriya ke kira sikila, likitocin Nijar kuma ke rubutawa drépanocytose a takardunsu. Ina so in kawo tarihinsa, domin a ganina wanda ya san inda abin ya fito ba zai yi saurin ƙaryata mai shi ba.

Kakanninmu sun san ciwon tun kafin a ƙirƙiro madubin duba jini. Sun lura yana bin ƙashi da gaɓoɓi, yana tashi da sanyi ko da saukar damina, yana kuma bin gida. Suka sa masa suna amosani, wasu suka ce sanyin ƙashi. Ba Hausawa kaɗai ba. Likitan ƙasar Gana, Felix Konotey-Ahulu, ya tattara sunayen da ƙabilun Afirka ta Yamma ke kiran ciwon da su, ya kuma bi sawunsa a cikin danginsa na Krobo har zuwa shekarar 1670. Kafin shi, a 1874, wani likita ɗan Saliyo mai suna Africanus Horton ya bayyana wani ciwon gaɓoɓi mai tafiya yana dawowa da ya gani a gaɓar tekun Afirka ta Yamma, kuma masana da dama na ganin wannan ciwo yake nufi.

Akwai wata kalma da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da amosani, wato wabi. Mace ta haihu, yaro ya yi shekara ɗaya ko biyu ya koma, ta sake haihuwa a sake binnewa. Sai a ce ɗa guda ne ke zuwa yana komawa. A yi masa tsaga, a raɗa masa suna irin Ajuji ko Ajefas don a nuna ba a damu da shi ba, ko ya zauna. Yarabawa na cewa abiku, Ibo na cewa ogbanje. Ba kowane wabi ne amosanin jini ba, domin ƙyanda, gudawa da zazzaɓin cizon sauro sun kwashe nasu kason. Amma masu bincike sun daɗe suna danganta mutuwar jerin ƴaƴan ɗaki guda da wannan ciwo na gado. Nauyin kuwa kan uwa yake sauka, ita ake wa kallon mai baƙin nono ko mai iska.

A littattafan likitocin Turawa labarin ya fara ne da wani ɗalibi. A 1904 Walter Clement Noel, saurayi baƙar fata daga tsibirin Girenada, ya je Shikago ta Amurka koyon aikin haƙori. Ya kwanta asibiti, wani ƙaramin likita mai suna Ernest Irons ya duba jininsa, ya ga jajayen ƙwayoyin sun lanƙwashe kamar lauje. Maigidansa, James Herrick, ya buga labarin a 1910. Abin lura shi ne, ciwon da ya riƙa kwantar da Noel a shekarun karatunsa an rubuta shi ne a matsayin sanyin jiki da ciwon ciki, kusan yadda kakanninmu suka faɗa. Duk da haka ya kammala karatu a 1907, ya koma gida ya buɗe wurin aikinsa, ya rasu a 1916 yana da shekara 32. Sunansa ma bai fito fili ba sai a 1989, lokacin da masanin tarihi Todd Savitt ya tono shi. Shekara kusan 80 duniya na karanta siffar jininsa ba ta san ko wane ne ba. Mu malamai kuma mu riƙe wannan: mutum na farko da aka rubuta da ciwon nan ɗalibi ne, kuma ya ci jarrabawarsa.

Daga nan ilimi ya yi ta buɗewa. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna matsalar tana cikin himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jini. A wannan shekarar James Neel a Amurka da E. A. Beet a ƙasar da yanzu ake kira Zambiya suka tabbatar da yadda ake gadonsa: sai yaro ya ɗauko daga uwa da uba duka biyu. Mai AS lafiyarsa lau, yana noma yana kokawa. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso 1 cikin 4 na zuwa da SS. Ba a jere abin yake bi ba, ana iya samun uku a ɗaki guda, ana iya rasa ko ɗaya.

Ga yadda ciwon ke aiki. Lafiyayyar ƙwayar jini zagayayya ce mai laushi, tana rayuwa kwana 120. Ta mai SS, in iskar numfashi ta yi ƙaranci, sai ta sandare ta lanƙwashe, kuma ba ta wuce kwana 10 zuwa 20. Shi ya sa jininsa kullum a ƙasa yake, ya riƙa saurin gajiya. Sandararrun ƙwayoyin nan su ke toshe ƙananan hanyoyin jini a cikin ƙashi, ƙirji da ciki, kamar yadda kara da yayi ke toshe magudanar ruwa a garkar albasa. Naman da jini bai kai wa ba sai ya ɗauki zugi. Sanyi, ƙishirwa, zazzaɓi da aikin ƙarfi su ne manyan masu tayar da shi. A Adar kuwa duka huɗun muna da su: ɗarin hunturu, zafin bazara, sauron damina, da hawan dutse zuwa rijiya.

Me ya sa ciwon ya yi yawa a ƙasashenmu? A 1954 Anthony Allison, bayan bincikensa a Gabashin Afirka, ya nuna cewa yaro mai AS ya fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Ke nan garkuwar da ta ceci kakanni ita ce ke zama ciwo in ta haɗu biyu a jikin jika. Babu laifin uwa a ciki, babu na uba, balle maita ko sammu.

Babin da ya fi shafar mu a ƙasar Hausa aka rubuta shi. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi babban bincike kan zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukan Garki, a tsohuwar Jihar Kano, yanzu cikin Jigawa. Alan Fleming, masanin jini na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da abokan aikinsa suka auna jinin mutanen ƙauyukan, suka buga sakamakon a 1979. Kusan mutum 1 cikin 4 na da AS. Jarirai kimanin 2 cikin 100 ana haifar su da SS. Amma da aka duba waɗanda suka girma, da ƙyar aka samu mai SS. Yawancinsu sun riga sun kwanta dama kafin su kai shekarun shiga makaranta. Wannan ne ya sa tsofaffin malamai ke cewa a zamaninsu ba su san ciwon ba. Gaskiya suka faɗa, ba su gan shi a aji ba, don yana maƙabarta.

Yau lamarin ya sauya. Nijar ta ayyana kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta a 2006. Mutuwar yaran wannan rukuni ta sauka daga 226 cikin 1000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Gidan sauro ya yaɗu, allurar rigakafi ta ƙaru, kuma tun 2013 aka fara rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina a wasu gundumomi, ciki har da Madawa da Buza. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta masu wannan ciwo, wadda aka kafa da tallafin ƙasar Monako. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 19 ga Yuni don tunawa da su, an fara a 2009. Sakamakon duk wannan shi ne yaran da a da ake kira ƴan wabi, da yawansu yanzu suna zaune a kan bencinmu. In aka ɗauki lissafin Garki, aji mai yara 60 bai kamata ya yi mamakin samun ɗaya ba. A makarantar horon malamai an koya mana tsara darasi da riƙon aji, amma wannan yaron bai shigo cikin darussanmu ba, domin tsarin ya girme shi.

Tsira daga mutuwa bai raba su da ciwo ba. A 2008 aka buga wani bincike daga jihar Birjiniya ta Amurka, inda manya 232 masu ciwon suka riƙa rubuta halin da suke ciki kowace rana har tsawon watanni. An samu suna cikin ciwo a fiye da rabin kwanakin. Kusan 3 cikin 10 na jin ciwo kusan kullum. Amma ranakun da suka je asibiti ba su kai 4 cikin 100 ba. Sauran duk a gida aka cinye su, a shiru. In haka abin yake a inda asibiti ke bakin ƙofa, ina ga yaron da ke ƙauye, wanda zuwa Buza, Madawa ko asibitin Galmi sai an nemi kuɗin mota an bar gona?

A nan ne al'adarmu ke taimako, a nan ne kuma take cutarwa. Mun tashi da girmama dauriya. Namiji ba ya kuka, mace mai kunya ba ta raki ko a kan gwiwa. Haƙurin Annabi Ayuba, tsira da aminci su tabbata a gare shi, shi ne abin misalinmu, kuma babu shakka imani da ƙaddara yana riƙe zukatan masu ciwo da iyayensu a daren da magani ya gaza. Sai dai Annabi Ayuba ya kai kukansa ga Ubangijinsa, bai ce lafiyarsa lau ba. Yaron da aka koya wa cewa faɗin ciwo abin kunya ne zai ɓoye har sai abin ya kai ƙirji. In kuma ya faɗa aka ƙaryata shi, ya ɗauki kaya biyu, ciwon ƙashi da ciwon zuciya. Na ga yaran da suka daina wasa da kowa don gudun a kira su ragwaye, da ƴan matan da suka ji ana lissafa musu kwanaki a gabansu, wai ba za su kai ashirin ba. Irin wannan magana tana kashe sha'awar karatu tun kafin ciwon ya yi nasa. Alhali akwai masu SS da suka yi aure, suka haihu, suka ga jikoki.

Abin da ke hannun malami ba ya cin ko dala. Ka yarda da yaro in ya ce yana ciwo, ko da yana murmushi, don wanda ya saba da zugi ya iya ɓoye shi. Ka bar shi da gorar ruwansa a aji, ka bar shi ya fita fitsari ba tare da dogon bayani ba, domin ƙodarsa ba ta riƙe ruwa kamar ta sauran. Da hunturu ka ɗauke shi daga bakin taga, ka ƙyale shi da rigar sanyinsa. Ka sauƙaƙa masa gudu da ɗiban ruwa, amma kada ka ware shi daga wasa gaba ɗaya. Bulala kuwa ba tasa ba ce. In ya dawo daga jinya, ka haɗa shi da aboki mai kyan rubutu ya kwafi abin da ya wuce. In yaro mai ƙoƙari ya fara mantuwa haka kawai, ka sanar da iyaye, domin ciwon kan toshe ƙananan hanyoyin jini a ƙwaƙwalwa ba tare da an ga alama a jiki ba.

Iyaye kuma, zazzaɓi a jikin mai SS ba na jira ba ne, haka ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, kumburin saifa, fari fat na tafin hannu, ko karkacewar baki. A nufi likita nan take. Ƙaho da tsaga suna rage jinin da dama bai isa ba. Magani ya samu ci gaba: a 1986 aka tabbatar a Amurka cewa ba ƙananan yara fenisilin kullum yana rage mummunar cutar da ke kashe su da kashi 84 cikin 100, a 1995 kuma aka nuna maganin haidiroksiyuriya yana rage tashin ciwon. Likitocin Kano, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da wasu asibitoci, tare da Jami'ar Vanderbilt, sun gwada shi wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki, ya kuma yi amfani. Likita ne ke rubuta shi yana bin jinin yaro, ba a saye a tebur.

Sai maganar aure. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, har da gwajin rukunin jinin gado. Mu ma ba sai mun jira doka ba. A yi gwajin tun kafin a kai goro, lokacin da janyewa ba ta zama abin kunya ba. Amma kada wa'azin gwaji ya koma gori ga yaron da ya riga ya zo duniya. Yana jin abin da ake faɗa, kuma bai kamata ya tashi yana ganin kansa kuskuren iyayensa ba.

Kakanninmu sun raɗa wa ƴaƴansu Ajuji don tsoron kada su tafi. Allah ya nufa namu suna zama. Ya rage mu iya zama da su, mu ji maganarsu, mu koyar da su kamar masu dogon kwana. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri.