Iskar kabon: hanyoyin da take fitowa ban da man fetur da kwal

Kafin zamanin masana'antu, iskar kabon, wato CO2, tana kusan kashi 280 cikin miliyan na iskar duniya. Yanzu ta haura 420. Ƙona kwal da man fetur da gas ne ke kan gaba wajen wannan ƙaruwa, amma ko da an daina su gaba ɗaya, akwai wasu ƙofofi da za su ci gaba da fitar da ita.

Ta farko ita ce sare dazuzzuka. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne da bishiya ta zuƙo daga iska. Idan aka share daji don noma ko kiwo, aka ƙone itacen ko ya ruɓe, kabon ɗin ya koma sama. Masana na ƙiyasta cewa sauya amfanin ƙasa na kawo kusan kashi ɗaya cikin goma na kabon da ɗan Adam ke fitarwa. Itacen girki da gawayi na shiga wannan lissafi idan ana sarewa fiye da yadda daji ke farfaɗowa.

Ta biyu ita ce fadamu masu tarin ruɓaɓɓun tsirrai na dubban shekaru. Muddin suna cikin ruwa, kabonsu na kulle. Da aka tsane irinsu a Indunusiya, gobara ta kama su a 1997 da 2015. A 2017 an gano cewa irin wannan fadama a tsakiyar kwarin Kwango na riƙe da kabon kusan tan biliyan 30.

Ta uku ita ce siminti. Ana gasa dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 1,450, kuma kowane tan na dutsen yana sakin CO2 kusan kilo 440. Daga jikin dutsen take fita, don haka sauya makamashin murhu kaɗai ba ya hana ta. Haka abin yake a masana'antun Malbaza a Nijar, Figil a Kamaru da Sakkwato a Najeriya.

Duwatsu masu aman wuta, da wasu ke ɗora wa laifi, abin da suke fitarwa kusan kashi ɗaya ne cikin ɗari na abin da mutane ke fitarwa.

Ƙofar daji ce manomi ke iya rufewa da hannunsa. Tun shekarun 1980, manoman Maraɗi da Damagaram ke barin gawo da sauran itatuwa su sake tsirowa a gonakinsu, a faɗin kusan hekta miliyan 5.