Daidaita Kayan Kwashe Malalar Ɗanyen Mai: Ma'aunin Teku da Amfaninsa ga Yankin Damargu

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda ake haɗa kayan kwashe ɗanyen mai idan ya malala a teku, domin gano abin da ke ƙayyade yawan man da ake samu a rana. An bi hanyar lissafi, aka gwada tsari uku na haɗa shinge da famfo da ma'aji. Sakamakon ya nuna cewa ninka ƙarfin famfo ba ya ƙara komai muddin ma'aji da zirga-zirga suna yadda suke. Daga nan an ɗora ma'aunin a kan gundumomin Tanut da Belbeji na yankin Damargu, inda matatar SORAZ da hanyar tankokin mai suke.

1.0 Gabatarwa

Nijar ba ta da gaɓar teku, amma manta yana da mafita biyu. Ta farko ita ce matatar SORAZ da ke ƙaramar hukumar Ollelewa a gundumar Tanut, wadda aka buɗe a Nuwamban 2011. Tana iya tace ganga 20,000 a rana, ana kuma kawo mata ɗanyen mai daga Agadem ta bututu mai tsawon kusan kilomita 460. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke da kashi 60 na hannun jarinta, gwamnatin Nijar kashi 40. Ta biyu ita ce bututun da ya tashi daga Agadem zuwa Seme a gaɓar tekun Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, inda aka fara lodin jiragen ruwa a Mayun 2024. A Yunin 2024 aka kai wa bututun hari a gundumar Tesker, mai ya kwarara a ƙasa. Tambayar da maƙalar ke son amsawa ita ce: idan kuɗin sayen kayan kwashe man da ya malala ƙayyadadde ne, a wane ɓangare ya kamata a zuba shi?

2.0 Kayan Aiki da Iyakarsu

Kwashe mai a teku aiki ne mai hawa uku. Shinge mai yawo a kan ruwa yana tattara man wuri guda, jirage biyu na jan sa cikin siffar U ko J. Na'urar yaɗe mai, wadda ke haɗe da famfo, tana ɗebe shi daga sama, kamar yadda ake yaɗe mai a kan nono. Sai ma'aji, wato tankin jirgi ko kwale-kwalen dako, da ke karɓar abin da aka ɗebo.

Kowane hawa yana da iyaka. Idan gudun ruwa a gaban shinge ya wuce kusan mita 0.35 a daƙiƙa, man kan sulale ta ƙarƙashinsa. Na'urar da ke barin mai ya zubo ta bakinta tana da sauri, amma tana haɗiyar ruwa da yawa. Mai faifai ko buroshi da mai ke mannewa a jiki tana kawo mai zalla, sai dai ba ta da sauri. Shi kansa man yana sauyawa: rana na ƙafar da mara nauyinsa, igiyar ruwa na cuɗa sauran da ruwa har ya yi kauri, yawansa ya ninka sau uku ko huɗu.

Tarihi ya tabbatar da wannan iyaka. A malalar Deepwater Horizon ta 2010 a Tekun Meziko, an ƙiyasta ganga miliyan 4.9 suka fita daga rijiyar, amma lissafin gwamnatin Amurka ya nuna kusan kashi 3 cikin ɗari kaɗai aka yaɗe, duk da ɗimbin jiragen da aka tara. Ƙungiyar ITOPF mai ba da shawara kan malalar mai ta daɗe tana nuna cewa da wuya abin da ake kwashewa a tsakiyar teku ya wuce kashi 10 zuwa 15.

3.0 Hanyar Bincike

An yi amfani da ƙa'idar haɗuwa da mai: faɗin bakin shinge, sau gudun jirgi, sau kaurin man. Alƙaluman gwajin ƙaddarawa ne domin a kwatanta tsari da tsari. An ƙaddara bakin shinge mita 100, gudu mita 0.35 a daƙiƙa, hasken rana awa 12, ma'aji mai cin lita 250,000, rabin abin da famfo ke zuƙa ruwa ne, zuwa sauke kaya da dawowa kuma awa 5.

4.0 Sakamako

Abu na farko da ya bayyana shi ne tasirin kaurin mai. Idan kaurinsa milimita 1 ne, shingen zai haɗu da lita 126,000 a awa. Idan ya bazu ya koma milimita 0.1, sai lita 12,600 kacal. Jirgin da ya makara har man ya bazu ya rasa kashi tara cikin goma na aikinsa kafin ya tayar da famfo.

A kan mai mai kaurin milimita 1 aka gwada tsari ukun. A tsari na ɗaya, famfon yana zuƙar lita 100,000 a awa. Ma'aji ya cika cikin awa biyu da rabi, jirgi ya tafi sauke kaya, ya dawo ya sake cikawa sau ɗaya kafin rana ta faɗi. Man da aka samu lita 250,000 ne, kusan kashi ɗaya cikin biyar na lita 1,200,000 da takardar famfon ke alkawari a awa 12.

A tsari na biyu an ninka famfon zuwa lita 200,000 a awa. Ma'aji ya cika cikin awa ɗaya da kwata, amma tafiya da dawowa suka cinye ranar. Cikawa biyu aka yi, man bai wuce lita 250,000 ɗin ba.

A tsari na uku an bar ƙaramin famfon, aka ƙaro kwale-kwalen dako da ke karɓar kaya a wurin aiki, ta yadda na'urar ba ta tsayawa. Man ya kai lita 600,000, fiye da ninki biyu.

5.0 Ma'aunin a Ƙasar Damargu

A Damargu yashi ne ke tsaya wa mai a madadin igiyar ruwa: abin da aka makara a kai ba bazuwa kawai yake yi ba, nutsewa yake yi ya nufi ruwan rijiyoyi da gonakin hatsi. Idan bututu na ɗauke da ganga 20,000 a rana, kowace awa kafin a rufe shi tana daidai da kusan lita 132,500, wato tanka huɗu masu cin lita 33,000. Bayan rufewa ma, bututu mai faɗin santimita 30 yana riƙe da kusan lita 70 a kowace mita, don haka tazarar da ke tsakanin makullai tana cikin lissafi.

Da rani, kayan da suka fi amfani su ne motar haƙa da za ta yi ganuwar ƙasa, ramin da aka shimfiɗa wa leda mai kauri, motar zuƙa, da tankunan roba masu naɗewa. Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, koramu da tafkuna da kwarin Tarka na ɓangaren Belbeji suna mayar da matsalar ta ruwa. A korama mai gudun mita 0.7 a daƙiƙa, shingen da aka gicciye kai tsaye ba zai riƙe mai ba. Sai an karkata shi kusan digiri 30 da gaɓa, ya turo man gefe. A ƙaramar korama, madatsar yashi mai bututu a gindinta tana barin ruwa ya wuce, man ya tsaya a sama. Sinadarin tarwatsa mai da ake fesawa a teku mai zurfi bai dace da tafkin da mutane da dabbobi ke sha ba.

Akwai kuma hanyar Damagaram zuwa Tanut da Agadas da tankoki ke bi. Gobarar tankar mai a kusa da filin jirgin saman Yamai a Mayun 2019, wadda ta kashe mutane sama da 55, galibi masu ɗibar man da ya zube, ta nuna cewa killace wuri da nesanta jama'a su ne matakin farko.

6.0 Kammalawa

Lissafin ya nuna cewa saurin isa wurin malala da wadatar ma'aji su ne ke yanke yawan man da za a kwashe, a Seme ko a Ollelewa. Saboda haka ana ba da shawarar a riƙa auna shirin kamfanoni da yawan man da za su iya kwashewa a rana ta farko, maimakon adadin da ke rubuce a jikin famfo. A rarraba kaya a ƙananan rumbuna kusa da matata, da garin Tanut, da Belbeji, a tanadi ma'ajin da ya kai aikin yini guda, a kuma yi atisaye kafin kowace damina tare da ƴan kwana-kwana da masu gari. Ya rage ga hukumar tantance muhalli ta BNEE da ma'aikatar man fetur su sanya waɗannan sharuɗɗa cikin izinin da suke bayarwa.