Akwatin Talabijin da Tarbiyyar Yaranmu: Daga Bompai Zuwa Sharaɗa

Yau tarihi za mu ɗan taɓa, tarihin akwatin nan da ke cikin ɗakinki, da dokokin da aka kafa don kare yara daga abin da yake nunawa.

Iyayenmu za su tuna cewa a da matar kulle ba ta zuwa sinima, kuma zuwa can ma abin kunya ne ga ɗan mutunci. To, sai aka yi ƙarin albashin Udoji a 1975, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suna aiki ba dare ba rana, magidanta suka fara shigo da talabijin gida. A 1977 aka kafa NTA, tasharta ta Kano tana Bompai, kuma ta riƙa nuna fina-finan Indiya har sama da 1,000 kafin 2003, kamar yadda binciken Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna. A 1982 gwamnatin Abubakar Rimi ta buɗe CTV. Kin ga ke nan, sinimar da aka hana mu zuwa ita ce ta sallamo har tsakar gida, yara kuwa suna zaune a sahun gaba.

Doka ba ta zo da wuri ba. Sai a 1992 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar NBC, ta ba ta ikon ba da lasisi ga tashoshi masu zaman kansu da hukunta wadda ta karya ƙa'ida. Kundin ƙa'idojinta ya hana batsa, ya kuma ware ƙarfe 7 zuwa 10 na dare a matsayin lokacin iyali. Ingila ma haka take yi, ba a sa shirin manya sai bayan ƙarfe 9.

A nan Kano, gwamnati ta dakatar da harkar fim a Disambar 2000, sannan ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001. A 2003 Freedom Radio ta fara watsa shiri daga Sharaɗa, muryoyi suka ƙaru. A 2006 NBC ta taƙaita mata lokacin watsa shiri, amma kan shirye-shiryen siyasa ne, ba kan tarbiyya ba. Wannan ya sa wasu ke cewa hukuma ta fi saurin motsi idan an taɓa masu mulki.

Babban darasi ya zo a 2007, lokacin da wani hoton bidiyo na batsa ya bazu a Kano har aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni. Ba wata tasha da ta nuna shi, daga waya zuwa waya ya yi yawo. Dokar tasha ba ta kai can ba.

Don haka 'yar uwa, hukuma tana tsaron tasha, amma ƙofar ɗaki taki ce. Ki zauna ki kalla tare da yaranki, ki san abin da ke cikin wayar da suke ara. Idan kika ji abin da bai dace ba a rediyo, ki riƙe sunan shirin da rana da lokaci, ki yi shawara da maigida a kai kuka ga tashar ko NBC. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya shirya mana zuri'a. Sai mun sake saduwa.