Yadda Aka Gane Aikin Ƙwaƙwalwa

Yau hirarmu a kan ƙwaƙwalwa take.

Mu Hausawa mukan ce "na riƙe a zuciya", ko "zuciyata ta ba ni". Ba mu kaɗai muka ɗora wa zuciya wannan aiki ba. Mutanen Masar na zamanin Fir'auna, in za su adana gawar sarki, sai su bar zuciya a jiki, su kwashe ƙwaƙwalwa su zubar. A ganinsu ba ta da amfani.

Wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, wani mai magani na ƙasar Girka, Hipokarat, ya ce a'a. Ya ce tunani da murna da baƙin ciki daga ƙwaƙwalwa suke fitowa. Ya kuma ce farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce. Ibn Sina, babban likitan Musulmi wanda ya rasu a 1037, shi ma ya sa farfaɗiya cikin cututtukan kai.

Amma faɗa daban, gani da ido daban. A 1861, a birnin Paris, wani likita mai suna Broca ya duba wani majinyaci. Mutumin yana jin abin da ake faɗa masa, amma ba ya iya cewa kome sai "tan". Da ya rasu, Broca ya buɗe kansa. Ya tarar wani wuri a gefen hagu na ƙwaƙwalwa ya lalace. Daga nan aka gane magana tana da nata wurin. Ku tuna da tsohon da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa kuma ya ɗauke. To, ga dalili: gefen hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya ɓarin dama na jiki, kuma a wurin yawancin mutane can magana take.

A 1924 wani Bajamushe, Hans Berger, ya auna ƴar wutar lantarki da ke gudana cikin kan mutum. Ƙwaƙwalwa ba ta cika kilo ɗaya da rabi ba, amma tana da ƙwayoyin jijiya wajen miliyan dubu 86, suna aika wa juna saƙo da wannan wuta. In wutar ta rikice gaba ɗaya, sai mutum ya faɗi yana makyarkyata. Ita ce farfaɗiya.

Ku mutanen Arewa, daga Matankari har Tibiri, kun san abin da ake yi in yaro ya faɗi. Wasu su ce iska ce. Wasu su gudu, wai kada yawunsa ya taɓa su. Har a ware masa ƙwarya, a hana shi lakwal. Wannan abu yana ƙona mini rai, domin ba a ɗaukar farfaɗiya daga yawu. Sau da yawa mafarinta sanƙarau ne, ko zazzaɓin sauro da ya hau kai, ko wahalar haihuwa, ko buguwa.

In ya faɗi, ku janye shi daga wuta da bakin rijiya. Ku kwantar da shi ta gefe. Kada ku sa masa cokali a baki. Maganinta kuwa ya daɗe: tun 1912 aka fara ba da ƙwayar da muke kira Gardenal. Ku kai shi likita a Dogon Dutsi ko Tibiri. In an rubuta masa magani, kullum ake sha, kuma ba a bari sai lokotoro ya ce.