Ma'anar kalmar Dharma-yuddha a littattafan addinin Hindu

Dharma-yuddha kalma ce ta Sanskrit, harshen da aka rubuta tsoffin littattafan addinin Hindu da shi a ƙasar Indiya.

Kalmomi biyu aka haɗa. Yuddha na nufin yaƙi. Dharma kuwa ta fi wuyar fassara, domin ta ƙunshi gaskiya da adalci, da kuma nauyin da ya rataya a wuyan mutum gwargwadon matsayinsa.

Wasu kan fassara kalmar da cewa yaƙin addini, sai dai yaƙin adalci ya fi dacewa, tun da babu batun shigar da kowa cikin addini. A littafin Mahabharata, 'yan uwan juna ne masu addini guda, Pandawa da Kaurawa, suka gwabza na tsawon kwana 18 a filin Kurukshetra a kan gadon sarauta.

Kafin yaƙi ya cancanci wannan suna, sai an nemi sulhu ya faskara. Littafin ya ce Pandawa sun yarda a ba su ƙauyuka biyar kacal, amma aka hana su.

Akwai kuma ƙa'idojin fagen fama: mai doki da mai doki zai kara, mai giwa da mai giwa. Ba a taɓa wanda ya ajiye makami, ko wanda ya juya baya, ko makaɗa. Kishiyar wannan shi ake kira kuta-yuddha, wato yaƙin yaudara.

Abin lura shi ne, littafin bai ɓoye cewa ɓangarorin biyu sun karya ƙa'idojin ba. Kaurawa sun yi wa matashi Abhimanyu taron dangi a rana ta 13, shi kuma Bhima na Pandawa ya doki Duryodhana a cinya, inda aka hana duka.

Bhagavad Gita, mai baiti 700, wani sashe ne na Mahabharata, inda Krishna ke shawo kan jarumi Arjuna da ya ƙi yaƙar danginsa. An daɗe ana saɓani kan fassararsa. Mahatma Gandhi ya ɗauki yaƙin a matsayin misali na kokawar alheri da sharri a zuciyar mutum, alhali Nathuram Godse, wanda ya harbe shi a 1948, ya kafa hujja da labarin Arjuna da Krishna a gaban kotu.