Yawon ganin namun daji daga Maiduguri: Wuraren da suka rage, hanyoyin zuwa da yadda ake rage kashe kuɗi

Shekaru arba'in da suka wuce, mai sha'awar ganin namun daji zai iya barin Maiduguri da hantsi, kafin azahar ya isa dajin da giwaye da jiminu ke kiwo. Birnin na tsakiyar wasu daga cikin muhimman gandayen daji na yankin Tafkin Chadi, kuma a nan ne hedikwatar Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi take har yau. Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a shekarar 2009 ya sauya wannan taswira gaba ɗaya. Dazuzzukan gabas da kudu maso gabas, waɗanda suka fi kusa kuma suka fi araha, sun fita daga hannun mai yawon buɗe ido. Abin da ya rage yana yamma, a jihohin Yobe da Bauchi, kuma mai ƙaramin ƙarfi zai iya kaiwa gare shi a motar haya, muddin ya san hanya, ya san lokaci.

Tsohuwar mahaɗar matafiya

Ƙasar Borno ta daɗe tana karɓar matafiya ta ƙasa. Ayarin raƙuma daga Tarabulus kan ratso Sahara ta Murzuk da Bilma zuwa gaɓar tafkin. Ta wannan hanya ce Turawan Ingila Denham da Clapperton da Oudney suka iso Tafkin Chadi a watan Fabrairun 1823, zamanin Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi. Bajamushe Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shiga Kukawa a watan Afrilun 1851.

Bayan kafa Yerwa a 1907, Maiduguri ta zama zangon alhazan da ke tafiya Makka ta ƙasa, daga ƙasar Hausa zuwa Fort Lamy, wato Njamena ta yau, su bi ta Abece da Darfur har gaɓar Bahar Maliya. A shekarun 1970 da 1980 kuma, matasan Turai masu ƙaramin guzuri kan ratso Sahara a manyan motoci ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram da Kano, wasunsu su biyo ta Maiduguri su shiga Kamaru, a kan hanyarsu ta zuwa Nairobi. Layin dogo ya iso birnin a 1964 ta Bauchi da Gombe, amma shekaru da dama ke nan jirgin fasinja bai bi shi ba. Duk wata tafiya mai rahusa a yau ta kan titi ce.

Wuraren da ba a zuwa yanzu

Dajin Sambisa, kimanin kilomita 60 kudu maso gabashin Maiduguri, an keɓe shi tun zamanin Turawan mulkin mallaka. A shekarun 1970 yana karɓar baƙi masu zuwa kallon giwaye da damisa da kuraye da gwanki da jimina. Mayaƙan Boko Haram sun mayar da shi sansaninsu. Sojoji sun ƙwace babban sansanin da ake kira Camp Zero a watan Disambar 2016, shugaban ƙungiyar Abubakar Shekau kuma ya mutu a dajin a watan Mayun 2021, amma har yanzu fagen aikin soja ne.

Haka lamarin yake a Chingurmi-Duguma da ke ƙaramar hukumar Bama, sashe mafi girma na gandun dajin ƙasa, mai faɗin murabba'in kilomita 1,228. Darajarsa ta samo asali ne daga maƙwabtakarsa da Gandun Dajin Waza na Kamaru, domin giwaye da raƙuman dawa ba su san iyakar ƙasa ba, sukan tsallako gwargwadon inda ruwa da ciyawa suke. Waza, mai faɗin murabba'in kilomita 1,700, ta zama gandun dajin ƙasa a 1968, kuma a da mutanen Maiduguri kan je ta Bama da Banki da Mora. Sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya a kusa da Dabanga a watan Fabrairun 2013, bayan sun fito daga gandun, ya durƙusar da yawon buɗe ido a can. An sako su bayan wata biyu, amma baƙi ba su koma kamar da ba.

Shi ma Tafkin Chadi ta ɓangaren Baga, kusan kilomita 200 daga Maiduguri, ba wurin yawo ba ne a halin yanzu. Tafkin da ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya janye ƙwarai bayan fare-faren 1970 da 1980, tsibiransa kuma sun zama maɓoyar masu ɗauke da makamai.

A cikin gari ma an yi asara. Gidan namun daji na Sanda Kyarimi shi ne wurin da yaran Maiduguri da dama suka fara ganin zaki da jimina. Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a ranar 10 ga Satumba, 2024 ta mamaye shi, hukumomin gidan kuma suka ce fiye da kashi 80 cikin 100 na dabbobin sun mutu.

Dagona da Bulatura: tsuntsaye da tuddan yashi

Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, wanda aka kafa a 1991, yana da faɗin murabba'in kilomita 2,258, kuma sassansa biyu na jihar Yobe. Na farko shi ne fadamun Bade da Nguru, murabba'in kilomita 938, inda kogunan Hadeja da Jama'are ke malala kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe. A cikinsa ne mafakar tsuntsayen ruwa ta Dagona take, tsakanin Gashuwa da Nguru.

Abin da ke kai mutum Dagona shi ne tsuntsaye. Idan sanyi ya sauka a Turai, dubban agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin gaɓa kan ƙetare Bahar Rum da Sahara, fadamun nan kuma suna cikin ruwan farko da suke tararwa a kudancin hamada. A nan suke cuɗanya da 'yan gida, irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe da belbela. Yarima Philip na Birtaniya ya ziyarci Dagona a 1989. A shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin Yarjejeniyar Ramsar, wuri na farko a Najeriya da ya samu wannan matsayi, tafkin Dagona kuma ya bi sahu a 2008.

Fadamun na fama da tasu matsalar. Madatsun Tiga da Challawa na jihar Kano, waɗanda aka kammala a 1974 da 1992, sun rage ambaliyar da ke cika tafkunan duk shekara, ciyawar kacalla kuma ta toshe mashigai da dama. Saboda haka yawan tsuntsayen da za a gani ya danganta da yadda daminar shekarar ta kasance.

Sashe na biyu shi ne Bulatura a ƙaramar hukumar Yusufari, murabba'in kilomita 92 na tuddan yashi da kwaruruka masu ruwa, inda goriba da dabino ke tsirowa, ake kuma haƙar kanwa. Zuwa can na buƙatar mota mai jan ƙafa huɗu da ɗan jagora daga yankin, wanda hakan ke sa ya fi Dagona tsada. Yana kuma kusa da iyakar Nijar.

Daga Maiduguri, ana bin Damaturu. Daga nan akwai hanyar Dapchi da Bayamari zuwa Gashuwa, akwai kuma ta Potiskum da Jakusko. Hanyar farko ta ratsa yankin da ya sha hare-hare, ciki har da sace 'yan matan makarantar Dapchi a watan Fabrairun 2018. Ya kamata matafiyi ya tuntuɓi ofishin gandun dajin da ke Maiduguri kafin ya tashi, domin jin halin da hanya da masauki ke ciki.

Yankari: inda manyan dabbobi suka rage

Wanda burinsa shi ne ganin giwa, Yankari ce mafi kusa da zai iya zuwa. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a watan Disambar 1962. Ya zama gandun dajin ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi a 2006. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, a ƙaramar hukumar Alkaleri. Tun 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ke tallafa wa aikin sintirin masu gadin dajin.

Ana ƙiyasta giwayen Yankari tsakanin 100 zuwa 150, ɗaya daga cikin garkunan da suka fi girma a ƙasar. Akwai ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo da dorina da kada, da sauran 'yan zakuna ƙalilan da ba kasafai ake ganinsu ba, da nau'in tsuntsaye sama da 350. Ba kowace fita ce ake dacewa da giwa ba, domin garken na yawo a daji mai faɗi. Abin da ba ya kuskurewa shi ne gwaggon biri da mugun dawa, waɗanda ke kai-komo a cikin sansanin Wikki kansa. Birran sun ƙware wajen fizge abinci da shiga ɗakin da aka bari a buɗe.

Maɓuɓɓugar Wikki, wadda ruwanta ke fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗumin digiri 31 rani da damina, ita ce ta fi jan baƙi bayan dabbobin. Akwai kuma kogunan dutse na Marshall da rijiyoyin Dukkey da tsofaffin matoyan ƙarfe, shaidar cewa mutane sun zauna a dajin tun kafin a keɓe shi.

Hanyar daga Maiduguri ita ce Benisheikh, Damaturu, Potiskum, Kari, Darazo, sai Bauchi, tafiyar da ta haura kilomita 450. Daga Bauchi ana ɗaukar titin Gombe zuwa Dindima, a karya zuwa ƙofar gandun da ke Mainamaji, daga nan kuma akwai sama da kilomita 40 a cikin daji kafin Wikki. Wasu ƙauyukan Alkaleri da ke gefen dajin sun fuskanci hare-haren 'yan bindiga a shekarun baya-bayan nan, don haka nan ma tambaya kafin tashi wajibi ce.

Inda kuɗin ke tafiya

Kuɗin mota ya tashi sosai tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuma yana sauyawa akai-akai, amma yadda ake kasafta tafiyar bai sauya ba. Doguwar hanya ita ce mafi sauƙi. Motocin Borno Express da na Tashar Kano na tashi zuwa Damaturu da Potiskum da Bauchi, motocin gwamnatocin jihohi kuma galibi sun fi na 'yan kasuwa rahusa.

Ƙarshen hanya ne ke cin kuɗi. Motar haya ba ta zirga-zirga a kai a kai zuwa Wikki ko Dagona, sai an yi shata. Shatar da za ta yi wa mutum ɗaya nauyi, idan mutum biyar ko shida suka raba ta sai ta zo daidai aljihu. Haka ma kuɗin motar zagaya daji da na ɗan jagora, wanda dokar gandun ta wajabta tafiya da shi. Wannan ne ya sa ɗalibai da ƙungiyoyi suka fi kowa morar irin wannan tafiya. Sauran abubuwan da ake biya su ne kuɗin shiga da na ɗaki da abinci. Zuwa a tsakiyar mako, nesa da hutun Sallah da Kirsimeti, kan sauƙaƙa samun ɗaki. Riƙe tsabar kuɗi da ruwan sha da busasshen guzuri na da amfani, domin layin waya da na'urar cire kuɗi ba abin dogaro ba ne a daji. A riƙe katin shaida a kusa, saboda shingayen bincike suna da yawa.

Lokacin tafiya

Titin Maiduguri zuwa Damaturu, kimanin kilomita 130, da rana kawai ake binsa. A daren 9 ga Fabrairu, 2020, an kashe aƙalla mutum 30 a Auno, kimanin kilomita 25 daga Maiduguri, yawancinsu matafiya da suka iske an rufe shingen shiga birnin suka kwana a cikin motocinsu. Mai dawowa daga Bauchi ko Gashuwa, idan ya ga la'asar za ta riske shi kafin Damaturu, gara ya biya kuɗin kwana a Potiskum ko Damaturu, ya ƙarasa da safe.

Ta fuskar yanayi, tsuntsayen Dagona sun fi yawa daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Yankari ta fi kyau daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe, tafkuna suka ƙafe, dabbobi suka tattaru a bakin kogin Gaji. A Maris da Afrilu an fi ganin dabbobi, sai dai zafi kan kai digiri 40. Watannin Janairu da Fabrairu ne suka haɗa wuraren biyu a tafiya ɗaya, ko da yake hazon hunturu na rage nisan gani, dare kuma na buƙatar bargo. Da damina hanyoyin cikin daji kan lalace, sauro ya yawaita.

A watan Disambar 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da ƙarin gandayen dajin ƙasa guda goma a kan bakwai da ake da su, ciki har da Falgore a Kano da fadamun Hadeja a Jigawa, waɗanda ke manne da na Nguru. Gandun da baƙi suka ƙaurace wa yakan rasa kuɗin shiga, ya kuma rasa idon jama'a, masu farautar sata da masu saran itace su samu sarari. Ɗaliban Borno da Yobe da ke haɗa kuɗin shata su je Dagona ko Yankari suna cikin masu riƙe da wuraren da suka rage, kafin hanyar Bama da Baga ta sake buɗewa ga mai yawon buɗe ido.